A tsallakar da yaro aji don ya iya lissafi? Ku auna kafin ku amsa

Ina gaida masu saurarenmu na ruga da na kasuwa, na wannan tsallake da na wancan, daga Konni da Illela zuwa Ɗan Isa da Jibiya, har Magariya da Maigatari. Iyayena makiyaya, yaya dabbobi? Ƴan kasuwa, Allah ya kawo ciniki.

Yau maganar yara ce da lissafi. Tunda aka koma makaranta, tambaya ɗaya ke ta dawowa a saƙonninku, lafazi ne kawai ya bambanta. Malami ya kira uba ya ce ɗansa ya fi ƴan ajinsu lissafi, a bari a tsallakar da shi aji. Ko makarantar kuɗi ta ce tana da aji na musamman inda ake haɗa lissafin shekara biyu a shekara guda, in an ƙara ɗan wani abu a kan kuɗin makaranta. Ko a ce wa uwa ƴarta da ke aji 5 ta zauna jarrabawar shiga sakandare bana, ba sai ta yi aji 6 ba. Uba ya ji daɗi, don ba wanda ba ya son a yabi ɗansa, amma ransa bai kwanta ba. Ya yarda ko ya ƙi?

Ni ɗanku ne, ba ni zan yanke muku hukunci a kan ƴaƴanku ba. Abin da zan iya shi ne in ba ku ma'auni. Ga shi a taƙaice: kada ku yarda don yaro yana saurin ba da amsa. Ku fara sanin abin da ake koyarwa a ajin da za a tsallake, ku gwada ko ya riga ya iya shi. In ya iya, kada ku riƙe shi. In bai iya ba, tsallaken nan bashi ne, kuma yaron ne zai biya shi nan gaba.

Mu fara da dalilin da ya sa ƴaƴanmu ke burge malamai a ƙananan azuzuwa. Yaron da ya tashi a Nijar yana ninkawa da rabawa da biyar kullum, bai ma san yana yi ba. A jikin kuɗi an rubuta 100, shi ya ce dala ashirin. An rubuta 500, ya ce dala ɗari. An rubuta 1000, ya ce jikka guda. In kuma ubansa na cin kasuwar tsallake, sai ya ƙara da juya Sefa zuwa Naira a ka, da farashin safe da na yamma. Yarinyar da ke tallan nono da fura tana ba da canji ba ta kuskure. Ɗan shekara tara da ke zama a rumfar hatsi ya san in tiya ta kai kaza, buhu zai kama kaza. To irin wannan yaro, in aka kai shi aji 1 ko aji 2 ana koyar da biyu a tara da uku, dole ya zama zakara.

Wannan baiwa ce ta gaske, kada kowa ya raina ta. Sai dai lissafin ka da na takarda ba hanya ɗaya suke bi ba. Na kasuwa yana tafiya da kuɗin da yaro ya saba riƙewa da harshen da ya tashi da shi. Na makaranta yana son a rubuta, a san darajar kowace lamba gwargwadon wurin da ta zauna, a karanta tambaya da Faransanci ko Turanci a gane abin da ake nema, a kuma nuna hanyar da aka bi. Akwai yaron da zai ba ka canjin jikka biyar ido rufe, amma ka ce ya rubuta dubu uku da biyar sai ya rubuta 30005.

Abu na biyu, lissafi ba kamar sauran darussa ba ne wajen tsallake. Wanda bai ji labarin daular Songhai a aji 4 ba zai iya fahimtar labarin Borno a aji 5, daga baya ya cike gurbi. Lissafi kuwa gini ne, kowane sahu a kan na ƙasa yake zaune. Wanda bai riƙe ninkawa ba, rabawa za ta gagare shi. Wanda bai iya rabawa ba ba zai gane rabi da sulusi da rubu'i ba. Wanda bai gane waɗannan ba, kashi cikin ɗari zai zame masa hadda kawai. Daga nan sai a shiga sakandare a fara aljabara, wato lissafin da ake sa harafi a madadin lambar da ba a sani ba, sai ka ga yaron da ake kira zakara ya koma ƙarshen aji. Abin takaicin, tsagewar ba ta bayyana a shekarar da aka tsallaka. Sai bayan shekara biyu ko uku, lokacin da kowa ya manta da ajin da aka ƙetare, sai a ce yaro ya lalace ko ya shiga wasa.

Ku makiyaya kun fi ni sanin wannan. Ɗan bijimin da ya fi sa'o'insa girman jiki ba a ɗaura masa garma don kawai ya yi tsawo. Sai an duba ƙashi ya ƙosa.

To yaya za a duba ƙashin? Ga gwaji da za ku iya yi a gida, ko ba ku yi boko ba. In da hali ku samu wani ɗan sakandare ya zauna kusa ya duba rubutun. Ana maganar yaron da ake son kaiwa manyan azuzuwan firamare ne, ko shiga sakandare.

Na farko, ku ce ya rubuta dubu uku da biyar. Daidai shi ne 3005. Sannan ya ɗebe 375 daga 1000 a takarda, ba a ka ba. Amsa 625.

Na biyu, ku ce masa: ana son kai shanu 100 kasuwa, kowace mota tana ɗaukar 30, mota nawa za a kira? Yaron da ya haddace rabawa kawai zai ce uku, saura goma. Wanda ya fahimta zai ce huɗu, don goman nan ba za a bar su a tasha ba.

Na uku, ku tambaye shi: sulusi da rubu'i, wanne ya fi yawa? Yara da yawa za su ce rubu'i, don huɗu ta fi uku. Sulusi ne ya fi. Ku ƙara masa: mutum na da shanu 30, ya ba babban ɗansa rabi, ya ba ƙaramin sulusi, nawa ya bayar? Sha biyar da goma, 25 ke nan, saura biyar. In ya rubuta rabi da sulusi a lamba ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya samu biyu bisa biyar, to ku ce ya lissafa biyu bisa biyar na shanu 30. Zai samu 12, wanda bai kai ko rabin ba. In ya ga hakan ya gane akwai kuskure da kansa, alama ce mai kyau.

Na huɗu, na ƴan kasuwa. An sayi rago jikka 40, an sayar jikka 50. Riba jikka 10, amma kashi nawa ce cikin ɗari na uwar kuɗi? Kashi 25. Ga wata mai ɗan tarko: kaya na Naira 100 ya tashi da kashi 20 cikin ɗari, daga baya ya sauka da kashi 20 cikin ɗari, ya koma ɗari? Bai koma ba. Ya hau 120, ya sauko 96.

A kowace tambaya, bayan ya amsa, ku ce masa: yaya aka yi ka samu? Wannan ta fi amsar kanta muhimmanci. Yaron da zai iya yi wa kakarsa bayani da Hausa ko Fulatanci ko Tamajak har ta gane, ya fahimta. Wanda ya ce haka malam ya ce a yi, hadda ce, kuma hadda ba ta ɗaukar nauyin tsallake. Ku sake gwada shi bayan sati biyu da wasu lambobi. Kada ku yi masa tsawa, kada ku yi gwajin a gaban baƙi.

Yanzu ga abin da ya shafe mu mu mutanen kan iyaka, wanda mazauna Yamai ko Abuja ba sa fama da shi. Yawancinmu muna da ƴan uwa a ɓangarorin biyu, kuma yaro kan fara karatu a nan ya ƙarasa a can. Azuzuwan firamare shida ne a ƙasashen biyu. A Nijar CI, CP, CE1, CE2, CM1, CM2, a Najeriya aji 1 zuwa aji 6. Amma yadda ake rubuta lissafin ya bambanta. Biyu da rabi, ɗan Nijar zai rubuta 2,5 da waƙafi, ɗan Najeriya zai rubuta 2.5 da ɗigo. Doguwar rabawa ma ba shimfiɗa ɗaya ake yi mata a allo ba: a tsarin Faransanci mai rabawa yana dama, amsa a ƙarƙashinsa, a tsarin Turanci yana hagu, amsa a sama. Ga kuma ƙirgen Faransanci, inda 97 sai an ce ashirin huɗu da goma sha bakwai. Yaron da ya sauya ƙasa yana bukatar watanni kafin idonsa da kunnensa su saba. Don haka kada a haɗa masa sauya ƙasa da tsallake aji a shekara guda. Ɗaya ma ya ishe shi.

Sai maganar tashi. Makarantun Nijar kan buɗe a watan Oktoba, na Najeriya a Satumba, kuma dabbobi ba su san wannan kalanda ba. In gidanku kan yi ƙaura da rani neman ruwa da ciyawa, ko yaro kan bi shanu mashekari da damina ya dawo bayan an yi nisa da karatu, ku lissafa makonnin da ya rasa bara, ku faɗa wa kanku gaskiya. Ajin gaggawa yana cinye a sati ɗaya abin da ajin yau da kullum ke yi a sati biyu. Wanda ya yi fashin wata guda a can kamar ya yi na wata biyu ne. In kun san yaron zai yi tafiya, ko dai ku samar masa wurin zama a gari har ƙarshen shekara, ko ku bar shi a ajinsa. Najeriya ta kafa hukumar ilimin makiyaya tun 1989, mai hedikwata a Kaduna, saboda an san karatun ɗan makiyayi sai an daidaita shi da tafiyar dabbobi. To mu ma a gida mu yi wannan lissafi.

Akwai kuma shekaru. Ƙauyuka da rugage da yawa ba su da sakandare kusa, sai an kai yaro gari wurin mai masauki ko makarantar kwana. Ɗan shekara goma da ya iya lissafi har yanzu ɗan shekara goma ne. Zai iya wanki, ya tsare kuɗin abincinsa, ya zauna da waɗanda suka girme shi da shekara uku ba tare da sun mayar da shi ɗan aike ba? Ku iyaye mata kun fi kowa sanin amsar. Sannan ku duba ƙarshen hanyar. A Najeriya, wanda ya shiga firamare yana da shekara 6 ya yi shida a can, shida a sakandare, zai gama yana da 18. Ƙa'idar shiga jami'a yanzu shekara 16 ce, sai ƴan ƙalilan da ake yi wa rangwame saboda fice na musamman. Yaron da aka sa da wuri kuma aka tsallakar sau biyu zai iya gamawa yana da 15, ya zauna gida yana jiran shekaru. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Wannan muhawara ba tamu kaɗai ba ce. A jihar Kalifoniya ta Amurka an yi shekaru ana tura yara da yawa su fara aljabara tun a aji na takwas, da waɗanda suka shirya da waɗanda ba su shirya ba. Masu bincike da suka bi sawun abin sun ga cewa a manyan gundumomin da suka fi yin wannan turi, sakamakon lissafin yara daga baya sauka ya yi. Birnin San Faransisko kuma ya bi ɗaya ɓangaren, a 2014 ya cire aljabara daga aji na takwas ga kowa da kowa. Iyaye suka yi ta ƙorafi cewa an danne masu ƙoƙari, masu hali kuma suka riƙa biya a waje, har a 2024 aka yanke a dawo da darasin. Kun ga hukunci guda ga dukan yara bai yi ba, ko na turi ko na hani. Yaro ɗaya ɗaya ake dubawa.

Don haka kada wani ya ji wannan shiri ya ce an hana tsallake. Akwai yaron da zai cinye duk tambayoyin da na kawo, ya yi bayani, har ya ƙirƙiro muku tasa tambayar. Irin wannan in aka bar shi yana maimaita abin da ya sani shekara guda, zai gaji da aji, ya fara fashi, ya ga kasuwa ko kiwo sun fi makaranta amfani. Riƙe shi ma asara ce. Ƙasar nan ta taɓa fitar da irinsu. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, Bafulatani daga Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake jera lambobi a gidajen hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, ya rasu a Alƙahira a 1741, kuma har yau masana tarihin lissafi na ambatonsa. Kuma hanya a buɗe take ga mai ƙarfin lissafi: a lise na Nijar akwai sashen C na lissafi da kimiyya, a manyan azuzuwan sakandaren Najeriya akwai darasin ƙarin lissafi ga masu son aikin injiniya da makamantansa.

Game da ƴaƴa mata, in yi magana a fili. A gidaje da yawa shekarun da ake ba yarinya na karatu ƙidayayyu ne. In ta ci gwajin nan da kyau, shekara ɗaya da za ta rage na iya zama ita ce za ta sa ta kai ga BEPC ko ta gama ƙaramar sakandare kafin a fara maganar aure. Wannan dalili ne mai nauyi. Amma sharaɗin bai canza ba, sai ta iya. In aka tura ta ba shiri ta faɗi, sau da yawa faɗuwar ce ake kafa hujja da ita a cire ta gaba ɗaya.

Akwai wata gaggawar dabam da bai kamata a haɗa ta da wannan ba, ita ce ta yaron da ya makara. Ɗan shekara goma ko sha ɗaya da ya yi ta kiwo bai taɓa shiga aji ba, ba a zaunar da shi da ƴan shekara shida. A Nijar akwai azuzuwan da ake kira passerelle, wato gada, tsarin da aka fara a Mali a 2004 kafin ya iso Burkina Faso da Nijar. Wata tara ake yi, a fara da harshen gida wata biyu, sannan a koma Faransanci, a ƙarshe a gwada yaro a sa shi a ajin firamare da ya dace da shi. Najeriya ma tana da nata shirin mai suna ABEP na masu shekara 10 zuwa 18, inda kowane mataki ke ɗauke da karatun aji uku. Bambancin shi ne a nan ba a ƙetare komai, daga tushe ake farawa, sauri kawai ake ƙarawa saboda yaron ya girma kuma ya zo da lissafin ka. In kuna da irin wannan yaro, ku tambayi shugaban makarantar da ke kusa ko akwai irin wannan aji a yankinku.

In kuma kuna tsaka-tsaki, yaro ya ci wasu tambayoyin ya faɗi wasu, akwai hanyoyi tsakanin e da a'a. Ku roƙi malam ya bar shi a ajinsa, amma ya riƙa zuwa aji na gaba a lokacin lissafi kawai. A makarantun ruga da na ƙauye inda malami ɗaya ke riƙe da aji biyu ko uku a ɗaki guda, wannan ba ya bukatar komai sai ya matsa zuwa wani benci. Ko malam ya riƙa ba shi tambayoyi masu wuya a kan darasin da ake ciki. A gida kuma ku ba shi littafin shago: ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, bashin da ake bi, kuɗin mota da na dillali, ya fitar da ribar mako. Makiyayi ya sa shi rubuta haihuwa da sayarwa da kuɗin allura da dusa. Wannan shi ke haɗa lissafin kansa da na takarda.

In kun yanke za ku yarda, ku je makarantar da kanku, kada ku aika. Ku gaida malam ko mushe da mutunci, ku tambaye shi: me ake koyarwa a lissafi a ajin da za a tsallake, kuma wa zai koya wa yaron abin da bai iya ba a ciki? Karatunsa da rubutunsa na Faransanci ko Turanci sun kai na ajin da za a kai shi? Don tsallake aji ba lissafi kaɗai ake tsallakewa ba. Nawa za a ƙara biya, har da littattafai da darasin yamma? In makarantar kuɗi ce, ku tuna mai kaya ba ya kushe kayansa, ku nemi wani malami na waje ya gwada yaron. Ku nemi a yi shi a farkon shekara. Ku kuma yi yarjejeniya tun yanzu cewa zango ɗaya na gwaji ne, in abin ya yi nauyi zai koma ajinsa, kuma ba wanda zai kira shi wanda ya faɗi, a makaranta ko a gida.

A ƙarshe ku tambayi yaron kansa, a keɓe, ba gaban malam ba. Wani zai ce yana so. Wani zai ce yana tsoron rabuwa da abokansa, ko ya gaya muku wani darasi da yake ɓoye cewa bai gane ba. Ku saurare shi, shi ne zai zauna a ajin.

Iyayena, lokaci ya yi mana halinsa. Wanda ya gwada tambayoyin nan a gida, ya aiko mana da yadda ta kaya, ba sai ya faɗi sunan yaro ba, za mu karanta wasu a shiri na gaba. Masu tafiya da dabbobi, Allah ya tsare hanya. Masu cin kasuwa gobe, Allah ya ba da sa'a. Allah ya raya mana zuri'a. Mu kwana nan.